An ɗora mini ƙungiyar wasan kwaikwayo, jarumina kuma ba ya zuwa rihazal

Malamin Kemistiri:

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Shawara nake nema, kuma da gaggawa.

Kemistiri nake koyarwa a sakandare, shekarata takwas ke nan. Farkon zangon nan malamar da ke riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta tafi hutun haihuwa. Shugaban makaranta ya duba ya ga ni kaɗai ne ba ni da wata ƙungiya a hannu, shi ke nan sai aka ɗora mini. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa hawa dandamali ba. Abin da na gada: makullin ɗakin kaya, takardar wasa mai shafi 32, da yara 23.

Wasan na minti 40 ne, ranar rufe zango za mu nuna, saura mako huɗu. Muna rihazal, wato gwajin wasa, Talata da Alhamis bayan an tashi, awa ɗaya da rabi. Zuwa yanzu mun yi tara.

Yaron da ke fitowa a matsayin alƙali, ɗan aji biyar, sau huɗu bai zo ba a cikin taran nan. Da ba shi da hazaƙa da ban wahalar da ku ba. Amma in ya zauna kan kujerar nan ya gyara murya, hatta yaran da ke leƙe ta taga tsit suke yi. Alhamis ɗin da ta wuce fitowa ta uku za mu yi, wadda ake zaman shari'a, yara 11 ne a ciki kuma kusan kowace magana alƙali ake fuskanta. Muka jira minti 20, shiru. Na ajiye kujerar ba kowa, na tsaya gefe ina karanta maganarsa da muryata ta koyar da sinadarai. Yarinyar da ta kawo ƙara ta durƙusa gaban kujera tana kuka na wasa, ta ɗago ta ga wayam, sai dariya ta ƙwace mata, sauran suka ɗauka. Da muka tashi wani ƙaramin yaro mai maganganu biyu kacal a duk wasan, wanda ko sau ɗaya bai taɓa fashi ba, ya ce, "Malam, mu ma in ba mu zo ba ba komai?" Wallahi na rasa amsar da zan ba shi.

Babu wata doka a rubuce. Na bincika ɗakin kaya kaf, babu. In cire shi? In na cire, wa zan sa? Kuma waɗanne dokoki ne ya kamata ƙungiya irin wannan ta samu?

Malamar Adabi:

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da wannan gado. Shekara 14 ina shirya wasa da ɗalibai, kuma alƙalinka na san shi, duk shekara sai ya zo da sabon suna.

Kada ka cire shi yau. Dokar da ba a faɗa ba, ba a hukunci da ita, kuma iyayensa za su kayar da kai a ofishin shugaba cikin minti biyar. Amma gobe-goben nan ka rubuta shafi ɗaya, ɗalibi ya sa hannu, mahaifi ko mahaifiya su sa.

Tunda kai mutumin lissafi ne, ga lissafi. Masu shirya wasa suna da wani kiyasi da suka daɗe suna amfani da shi: kowane minti ɗaya a kan dandamali yana cin kusan awa ɗaya ta rihazal. Wasanka minti 40. Ka yi awa 13 da rabi, saura maka awa 12. Ka ga ko kowa na zuwa, a gajarce kake. Ranar da alƙali bai zo ba kuwa, yara 11 sau awa ɗaya da rabi, awa 16 da rabi ke nan ta mutane ya zubar. Wannan lissafin nake rubuta wa yarana a allo ranar farko, don in yaro ya yi fashin aji kansa ya cuta, amma fashin rihazal kowa yake cuta.

Abin da ke takardata ga shi. Tun kafin a raba matsayi kowa zai rubuta ranakun da ya san ba zai samu zuwa ba. Abin da aka rubuta tun farko uzuri ne, na yarda. Fashi uku ba tare da sanarwa ba, matsayi ya koma hannun wani, shi kuma ba a kore shi daga ƙungiya ba, bayan labule zai koma. Makon ƙarshe ba fashi sam, sai rashin lafiya ko rasuwa. Lokacin da aka sa lokacin farawa ne, wato a iso saura minti goma a ajiye jaka. Akwai ranar ajiye takarda: daga ranar ba wanda zai hau dandamali da takarda a hannu, in ka manta ka tsaya a inda kake ka nemi a tuna maka. A naka wasan, ka sa ta mako biyu kafin nuni. Waya a cikin jaka.

Sai ɗaya da mutane ke rainawa, ita ce kuwa ta fi hana faɗa: ɗan wasa ba ya gyara wa ɗan wasa. In kana ganin abokinka ya yi ba daidai ba, ka faɗa wa darakta a gefe. Rabin rigimar da na raba a shekarun nan daga "ba haka ake faɗa ba" ta fara.

Game da wa za ka sa: naɗa ɗan ko-ta-kwana tun yanzu, ya haddace maganganun alƙali, kuma ka riƙa ba shi kujerar a rihazal ko da alƙalin yana nan. Ka dubi wanda ke riƙe muku takarda yana tuna wa mutane magana. Yawanci shi ya riga kowa haddace wasan.

Na Bayan Labule:

Malam, ni ba malami ba ne, shekara uku na yi ina jan labule da ɗaukar kujeru a sakandare, ko sau ɗaya 'yan kallo ba su ga fuskata ba. Malama ta yi maganar masu fitowa, bari in yi ta mutanena.

Doka ta farko: abin da ba naka ba, kada ka taɓa. A sa tebur ɗaya a bayan labule, a shimfiɗa takarda, a zana wurin kowane kaya a rubuta sunansa. An ɗauka, an yi wasa, a mayar. Na ga ranar da wani ya ɗauki wasiƙar da duk wasan ya rataya a kanta yana fifita da ita saboda zafi, ya ajiye kan taga. Jarumar ta zo ɗauka, babu. Ta fita ta sa hannu a aljihu ta zaro iska, ta karanta wa mutane tafin hannunta. Har muka gama makaranta ba ta sake yi masa magana ba.

Ta biyu: in kana hango 'yan kallo daga inda kake tsaye, su ma suna hango ka. Ja baya, kuma rufe baki, raɗa a bayan labule tana kai wa layin gaba.

Ta uku ba wasa a cikinta. Ba ɗalibin da zai hau tsani ko ya taɓa wayar wuta sai malami na tsaye. Fitilun dandamali irin na da suna zafi har su ƙona hannu, kada labule ya kusance su. Kuma ko kujera ɗaya kada a jingina a ƙofar fita. A Disamba 1903 fitila ta kunna wa labule wuta a gidan wasa na Iroquois a Chicago ta Amurka, mutum wajen 600 suka mutu, da yawansu mata da yara, don wasu ƙofofin a kulle suke, wasu an ɓoye su bayan labule. Bayan wannan ne aka tsaurara dokokin ƙofofin fita a gidajen taro. In akwai mari ko kokawa a wasanku, a tsara shi taki-taki, a yi a hankali har ya zauna, a sake gwadawa kafin kowane nuni. Mari na gaske ba ƙwarewa ba ce.

Roƙona ɗaya: ka sa a dokar cewa kowa, har jarumi, sai ya tsaya an kwashe kaya bayan an gama. Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne su tafi ɗaukar hoto mu muna shara. A Amurka akwai ƙungiyar ɗaliban wasa ta International Thespian Society, tun 1929 take, maki ake tarawa kafin a shiga, maki ɗaya kusan awa goma na aiki, kuma mai haɗa fitila yana samun makinsa kamar yadda mai fitowa ke samu. Ko ba ka yi maki ba, a ƙalla ka sa sunayensu a takardar shiri.

Maman 'Yan Uku:

Ni uwa ce, 'yata ta yi wasa shekara biyu, kuma zan ɗan saɓa da Malama. Malam, duk cikin bayaninka ban ga inda ka ce ka tambayi yaron me ya hana shi zuwa ba. Ɗan aji biyar ba shi ke da ikon lokacinsa ba. Ka tambaye shi, ku biyu, ba a gaban yara ba.

Sannan takardar nan da za a kawo mana mu sa hannu, kowane lokaci abin da yaro zai yi kawai ake jerawa. Ina na malami? An ce za a tashi ƙarfe biyar, na zo ɗaukarta na zauna a bakin ƙofa har shida saura, wai "bari mu ƙarasa fitowar nan". Sau uku ana yi mini haka. In kana son yaro ya girmama lokacin farawa, ka girmama na tashi. Ka ba mu jadawalin duka tun farko, har da ƙarin ranakun makon ƙarshe, kada mu ji su da daddare.

A rubuta kuma cewa yaro yana da damar ya ce bai yarda da wata sutura ba, ko a riƙe masa hannu, ko wata magana, ba tare da an ƙwace masa matsayi ba. A ware wurin canza kaya na mata da na maza, kada malami ya keɓe da ɗalibi ɗaya a rufe. Hoto da bidiyon rihazal ma kada a watsa sai da izinin iyaye.

Maganar dakatar da yaro daga wasa in karatunsa ya ja baya kuwa, ba wanda ya taɓo ta, amma ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Makin 'yata a lissafi ya zube zangon farko, malaminsu ya dakatar da ita mako biyu har ta biya aikin da ake bin ta. Ta yi kuka, ni kuwa na yi masa godiya.

Malamar Adabi:

Hajiya, kin kama ni. "Bari mu ƙarasa fitowar nan" bakina ne, na sha faɗa. Malam, ka ƙara layin lokacin tashi, kai ma ka sa hannu a ƙasa.

Tunda an taɓo bidiyo: ka duba shafin farko na takardar wasanku. In wasan wani marubuci ne da ke da haƙƙin mallaka a kansa, sau da yawa sai da izini ake nunawa, kuma ba a yarda a sauya magana ko a ɗauka a watsa ba. In malamar da ta tafi ce ta rubuta, kira ɗaya ya isa.

Malamin Kemistiri:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga yadda aka yi.

Hajiya, kin fi ni gaskiya, ban tambaye shi ba. Ranar Litinin na tsayar da shi bayan darasi. Ya daɗe yana kallon takalminsa kafin ya ce an sauya wa mahaifiyarsa lokacin aiki, duk Alhamis shi ke ɗauko ƙanwarsa daga firamare. Na koma rajista: uku daga cikin huɗun Alhamis ne. Na ce to Talatar fa? Ya yi murmushi ya ce ƙwallo. Na ce ukun na ɗauke, da ka faɗa tun farko da ba a kai nan ba, ta ƙwallo kuwa na rubuta, saura maka biyu.

Na mayar da duk fitowar alƙali ranar Talata, Alhamis mu yi sauran. Game da makon ƙarshe kafin nuni kuwa, na yi waya da mahaifiyar, ta ce za ta nemi wanda zai ɗauko yarinyar. Na roƙi shugaba ƙarin rana ɗaya a mako, ya ba ni Laraba. Takardar dokoki ta fita, shafi ɗaya, da hannuna a ƙasa; 21 sun dawo da ita, biyu wai sun manta a gida.

Malama, mai riƙe takardarmu wata yarinya ce 'yar aji huɗu da ban taɓa jin muryarta sama da raɗa ba. Na ce ta rufe takardar ta gwada hukuncin alƙali. Ta karanto shafi biyu ba tuntuɓe, har da wurin da shi yake tsallakewa kullum. Jiya Talata ya shigo saura minti biyar a fara, ya tarar da ita a kan kujerarsa da sandar alƙali a hannu. Bai ce komai ba. Ya zauna a ƙasa ya buɗe takardarsa, leɓensa na motsi tare da nata har ta gama.

Na Bayan Labule, na je na duba ƙofar baya ta zauren. Tebura shida ne jibge a jikinta da wani tsohon allo, mun kwashe. Yanzu tebur ɗin kayan wasan nake so in shirya: wa ya kamata ya riƙe shi, ɗalibi ɗaya, ko a raba wa biyu, ɗaya a kowane gefen dandamali?