Wace Hausa za mu ba kwas ɗin akcuwariyal kafin Juma'a?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Juma'a da dare ina da shiri a rediyo don iyayen yaran da suka gama WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, zan bi kwasa-kwasan KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi a nan Gana, ɗaya bayan ɗaya. Injiniyanci bai ba ni wahala ba: na gine-gine, na lantarki, na man fetur. Akanta kowa ya sani. Tarihi da harsuna na sa su ƙarƙashin adabi da zamantakewa na wuce. Inda na maƙale shi ne akcuwariyal. Wani dattijo a Asawase ya tare ni bayan la'asar, riƙe da takardar 'yarsa, ya ce wannan ta zaɓa, shi kuwa ya rasa abin da zai gaya wa abokansa a majalisa.

Malamin Lissafi: Lissafin haɗari. Aikinsu shi ne su ɗauki, a ce, mutum dubu goma 'yan shekara arba'in, su ƙiyasta nawa za su kai sittin, nawa za su haura tamanin, sannan su yanke abin da kowa zai riƙa zubawa don kada asusu ya ƙafe. SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata ta Gana, ba ta tsara fansho sai da irinsu. Tun 1693 masanin taurari Halley, mai tauraron nan mai wutsiya, ya yi irin wannan jadawali daga rajistar haihuwa da mutuwa ta garin Breslau.

Hajiyar Nima: Malam, haɗari a kunnen mutanenmu ko motar haya ta trotro ta kife a hanyar Nkawkaw, ko gabas ta yi baƙi a kwashe shanya. Ku ce ilimin inshora. Duk direba ya san takardar da ke manne a gilashinsa.

Malamin Lissafi: Hajiya, ya yi kaɗan. Bankuna ma suna ɗaukarsu.

Baba Ɗan Fansho: Lissafin ajali, a huta.

Ɗan Aboabo: Baba, so kake malaman Zango su rufe mana layin waya? Ajali Allah kaɗai ya sani.

Bakano a Legon: Duk kun bar hanya. Inshora Turanci ce, fansho Turanci ne, ajali da lissafi Larabci. Muna da kintace. Yadda ake cewa mantau ga mai mantuwa, mai wannan aiki kintatau ne, ilimin kuma kintatanci. Na daɗe da ƙirƙiro ta.

Hajiyar Nima: Ɗana, in na ce wa maƙwabciyata jikata tana karanta kintatanci a jami'a, cewa za ta yi duba ake koya mata.

Bakano a Legon: Da ma Hausar nan taku ta Gana ce matsalar, Hajiya. Mutanen da ke ce wa mace "ya zo" su ne za su zaɓa mana kalma?

Baba Ɗan Fansho: Yaro, bi a hankali. Alhaji Umaru na Kete-Krachi a ƙasar nan ya zauna yana rubuta waƙoƙin Hausa har ya rasu a 1934, kakanka bai san boko ba. GBC, gidan rediyon Gana, ma tana labarai da Hausa tun kafin a haife ka.

Bakano a Legon: Allah ya huci zuciyar Baba, amma Alhaji Umarun ai a Kano aka haife shi.

Baba Ɗan Fansho: Ya ga Kanon ya taho.

Malamin Lissafi: Ni matsalata da kintace ba ta ƙabilanci ba ce. Kintace shi ne ka dubi buhu ka ce zai yi tiya arba'in. Waɗannan yara shekara huɗu suke yi kan ƙididdiga, bai kamata a ce kintace suke ba.

Ɗan Aboabo: Jama'a, minti ashirin aka ba ni, kuma har yanzu ban taɓa ɓangaren likitanci ba. Zan ce lissafin inshora da fansho, in ƙara da misalin mutum dubu goma na Malam.

Malamin Lissafi: Ka bar bankuna a waje, amma na haƙura.

Bakano a Legon: Kalma uku cikin huɗu aro ne. Ko sau ɗaya ka ambaci kintatau ka ji me masu kira za su ce.

Ɗan Aboabo: In lokaci ya rage. Yanzu wa ke da Hausar jiyomatik, kwas ɗin awon ƙasa da taswira?