Wace kalma za mu sa wa "format" kafin ta cinye wa wani ajiyarsa?

Mai tambaya:
Salamu alaikum jama'a. Kalma ɗaya nake nema, kuma ba don ado ba. Kwamfutata ta tebur rumbu biyu gare ta: ƙarami wanda Windows ke zaune a kai, da na biyu mai terabait 2 inda nake jibge hotuna da takardun aiki. Shekaranjiya na kunna ta, harafin D yana nan amma ya ƙi buɗuwa. Da an danna sai saƙo ya fito da Turanci cewa sai an yi wa rumbun "format" kafin a iya amfani da shi, ga maɓallin amincewa, ga na fasawa.

Ƙanena ne a kan kujerar. Ya tambaye ni ma'anar kalmar, ni kuma hankalina na wani wuri, na ce masa "tsarawa". Ya ce to ai tsari abu ne mai kyau, bari ya danna. Allah ne ya sa na waiwayo, da fassarar bakina ce ta tafi da ajiyar shekaru. Kuma ba ƙarya na yi ba, idan ana maganar girman haruffa da jeren sakin layi a rubutu, tsari ake nufi. Amma a kan rumbu kalmar nan haƙora gare ta, "tsarawa" kuwa ko ɗaya ba ta da shi. To me za mu ce?

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Malam, rumbun tukuna, kalma ta jira. Kada ka danna, kada ka kwafa komai a kansa, kada ka sa masa wata manhaja. Sannan ka kasa kunne: yana juyawa lafiya, ko yana ƙwas-ƙwas yana tsayawa? In yana wannan ƙarar ka kashe nan take, don kan da ke karantawa yana shawagi ne dab da faifan da ke juyi sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, kowane kunnawa ƙarin rauni ne. In shiru yake, ka danna maɓallin Windows tare da X, ka buɗe Disk Management, ka faɗa mini abin da aka rubuta a kansa. Kalma kuwa, mu a bakin aiki "fomatin" muke cewa, wasu su ce "wankewa".

Mai tambaya:
Ba ya ƙara, Injiniya. Girmansa ya fito daidai, amma inda aka saba ganin NTFS, tsarin ajiyar Windows, yanzu RAW aka rubuta.

Mai gyaran kwamfuta:
To da sauƙi. Tunda girmansa ya fito, wuta na isa gare shi, madabod ma, wato babban allon cikin kwamfuta da komai ke haɗe da shi, na ganin sa. Da a ce ko a BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, bai fito ba, da sai in ce ka duba wayoyi biyun nan na SATA, siririyar mai fil 7 ta bayanai da faffaɗar mai fil 15 ta wuta, ka canza waya, ka canza rami. Akwai ma madabod ɗin da in ka sa sabon rumbu a ramin M.2, na ƙananan rumbunan zamani, sai ya kashe wasu ramukan SATA, mutum ya zaci rumbunsa ne ya mutu. Da kuma lafiyayye ya nuna amma babu harafi, harafi kawai za a ba shi a wuce wurin. Wanda ke cewa an hana ka shiga, shi kuma yawanci rumbun da aka ciro ne daga wata kwamfutar, izinin fayilolin na tsohon mai shi ne, sai a karɓi mallaka. In BitLocker ne, makullin sirri na Windows, ya kulle shi sai da mabuɗin nan mai lamba 48.

Naka daban ne. RAW na nufin Windows ta leƙa ɓangaren rumbun, wato yankin da aka ba harafin D, ba ta gane tsarin ajiyar da ke ciki ba. Ba ta ce babu komai ba, cewa ta yi ba ta gane ba. Ko rumbun da aka tsara a Linux, kishiyar Windows, da tsarin ajiyarta na ext4 ka haɗa mata, lafiyarsa ƙalau, tana iya yi maka wannan tayin.

Malamar Hausa:
Sannunku. Ni "wankewa" na zo yi wa magana, don ita ce ta fi kusa da bakin mutane, kuma ta fi "tsarawa" nesa ba kusa ba. Amma ku tuna mai tambaya hotuna gare shi a ciki. Bahaushe in ya ce zai wanke hoto, fito da shi a takarda yake nufi. Ka ce wa dattijuwa za a wanke rumbun hotunanta, sai ta sa maka albarka. Ban da haka, abin da aka wanke yana nan, datti ne kawai ya fita. Kotu ma in ta wanke mutum ai gida yake komawa. Kalmar tana ba da kwanciyar hankali a inda ya kamata gaba ya faɗi.

"Tsarawa" kam a bar ta. Yaran yanzu in sun ce an tsara mutum, daɗin baki aka yi masa har ya yarda, kuma da alama abin da saƙon ya so yi wa ƙanenka ke nan.

Ɗalibi:
Malama, me zai hana a ce "gogewa" ko "sharewa" a huta?

Malamar Hausa:
Sun riga sun yi aure, ɗana. Su muke amfani da su in za a cire fayil ɗaya ko saƙo ɗaya. In muka ɗora musu wannan ma, ba mai bambance cire hoto guda da kwashe rumbu ɗungurungum.

Dattijo mai fassara:
Na karanta duka. Ni tsohon hannu ne, ba na raɗa wa abu suna sai na ga fuskarsa. Injiniya, yaro na, bar maganar Turanci. In an danna maɓallin nan, me ke faruwa a cikin ƙarfen? Gogewa ake yi ko rubutawa?

Mai gyaran kwamfuta:
Baba, rubutawa ake yi, shi ya sa abin yake da ruɗani. Ka ɗauki rumbu kamar katafaren ɗakin ajiya mai gurabe birjik, ga kuma littafin rajista da ke cewa kaya kaza suna gurbi kaza. A NTFS, wanda ya zo da Windows NT a 1993, wannan littafin shi ake kira MFT, kuma a farkon ɓangaren akwai ɗan gurbi da ke nuna inda littafin yake. In wannan ɗan gurbin ya lalace, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko gurbin ya ruɓe don tsufa, sai Windows ta tsaya a bakin ƙofa ta rasa hanya. Kaya na ciki, rajista ce ba a gani.

To shi "format" iri biyu ne. Na gaggawa sabon littafi fari fat yake kafawa, ya ce duk gurabe babu kowa. Kayan suna nan kwance har ranar da aka rubuta wani abu a kansu, shi ya sa wani lokaci ake iya ceto su, sai dai sau da yawa sunaye da jerin manyan fayiloli sun tafi, ka samu hoto dubu ba ka san na wace shekara ba ne. Cikakken kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake bi yana rubutawa a ɓangaren daga farko har ƙarshe. A zamanin XP duba gurabe kawai yake yi, shi ya sa har yau wasu tsofaffin masu gyara ke cewa ana iya dawo da komai. Yanzu ba haka ba ne. In kuma SSD ne, rumbun da ba shi da faifai mai juyi, ko na gaggawar kada ka sa rai, don akwai umarnin TRIM da ke gaya wa rumbun ya saki guraben da aka ce babu kowa.

Dattijo mai fassara:
Madalla, yanzu na ga fuskarsa. Ashe aiki biyu ne a cikin kalma ɗaya: ana rushe na da, ana kafa sabo. "Tsarawa" ta ɗauki kafawa ta bar rushewa. "Gogewa" ta ɗauki rushewa ta bar kafawa. Kowacce ƙafa ɗaya gare ta.

Muna da magana mai ƙafa biyu: sabon zubi. Maƙerin fari in ya narkar da tsohon abu ya zuba a sabon mazubi, ƙarfen yana nan, siffar da ce ta tafi, kuma ba mai zuwa ya ce a mayar masa da ita. Haka in an ce a yi sabon zubi a kan wani aiki, kowa ya san na baya ya rushe, daga farko za a faro. Ni shawarata a ce "a yi wa rumbu sabon zubi".

Ɗalibi:
Baba, da izininka, "sabon lale" fa? Ita ma ai farowa ce daga farko, kuma ta fi gudu a baki.

Dattijo mai fassara:
Ta fi gudu, amma ƙarya take yi. In an sake lale, katin nan duka suna hannu, ko ɗaya bai ɓata ba, wuri kawai suka canza. Wanda ya ji "lale" zai zaci fayilolinsa za a jujjuya a mayar masa.

Mai tambaya:
Sabon zubi ta shige ni, Baba, amma bari in faɗi abin da ke damuna. Kalmar "sabo" tana da zaƙi. Ina jin tsoron ƙanena ya ji ta ya ce to ai sabo ya fi tsoho. Na gwada ta a kansa ɗazu ba tare da na yi masa bayani ba. Na ce, in aka ce za a yi wa rumbun nan sabon zubi fa? Ya yi shiru, sannan ya ce, to na cikin fa? Wannan tambayar ita nake so kalmar ta haifar. Da "tsarawa" bai yi ta ba, hannu kawai ya kai. Don haka tsorona ya ragu, ko da yake bai ƙare ba.

Abin da ya ƙara ja na gare ta shi ne tana aiki har a kan rumbun da aka sayo yanzu, wanda babu komai a ciki. Shi ma sai an yi masa wannan aikin kafin a fara ajiya, kuma ba za ka ce ka wanke ko ka goge abin da ba a taɓa rubutu a kai ba. Amma "zubin farko" ya zauna daram.

Malamar Hausa:
Na yarda, kuma tana karɓar sarrafawa: an yi masa sabon zubi, kada ka yi masa sabon zubi, yana neman sabon zubi. Iri biyun da Injiniya ya faɗa ma suna da wurin zama. Na gaggawa a ce "zubin sama-sama", tunda rajista kawai ya taɓa. Cikakken a ce "zubin ƙarƙaf". Wanda ya ji ƙarƙaf ba sai an ƙara masa bayani ba.

Ban ce a kori "fomatin" ba. Masu gyara za su ci gaba da faɗin ta a tsakaninsu, kamar yadda "kwamfuta" ta zauna ba wanda ya tashe ta. Amma ita sai wanda ya riga ya sani take yi wa amfani, mu kuwa wanda bai sani ba muke nema wa kalma.

Mai gyaran kwamfuta:
Ni dai bakina ya saba, amma zan gwada ta a kan masu kawo gyara. Malam, mu koma kan rumbunka. Ka fara duba lafiyarsa da manhaja irin su CrystalDiskInfo da ke karanta SMART, rahoton da rumbu ke ajiyewa kan lafiyarsa. Ka kula da lamba 5, guraben da suka lalace aka musanya su, da 197, waɗanda ake zargi ba a kai ga musanyawa ba. In ba sifili ba ne, ko suna ƙaruwa, rumbun na kan hanya. Ko ma mene ne, ka nemo wani rumbun da bai gaza shi girma ba, ka kwafe shi sukutum gurbi-gurbi. A Linux ddrescue aka yi don wannan, yana fara kwashe wuraren da ke karantuwa, sannan ya dawo kan masu taurin kai. Duk gwajin da za ka yi, a kan kwafin za ka yi shi.

Kada ka bi masu cewa ka sa chkdsk, umarnin Windows na gyaran rumbu. A kan RAW yawanci ƙin aiki yake yi, in ma ya yi, shi burinsa rajista ta daidaita, ko da zai yanke abin da bai gane ba. TestDisk za ka buɗe, manhajar ceto ɓangaren rumbu. NTFS na ajiye kwafin ɗan gurbin nan na farko a can ƙarshen ɓangaren, in na ƙarshen lafiyarsa lau, sai a mayar da shi gaba. Ka sa ya nuna maka jerin fayilolin tukuna, in ka ga sunayen da ka sani, sannan ka yarda ya rubuta.

Mai tambaya:
Na dawo. Lamba 5 sifili ce, 197 kuwa ta nuna wasu 'yan gurabe. Kwafin ya ci dare guda. TestDisk ya ce gurbin farko ya lalace, na ƙarshe lafiya, na ga jerin fayilolina da idona, na mayar, kwafin ya buɗe da komai a ciki. Na gode Injiniya, na gode Baba da Malama.

Ga yadda na rubuta saƙon a takarda na manna a jikin kwamfutar saboda ƙanena: "Kwamfuta ba ta gane abin da ke cikin rumbun nan ba. Tana neman yi masa sabon zubi, kuma in an yi, abin da ke ciki zai tafi. Danna fasawa ka kira ni."

Mai gyaran kwamfuta:
Tsohon rumbun kuma, tunda ka kwashe kayanka, yanzu ne lokacin zubin ƙarƙaf. Rubuta sifilin zai tilasta masa ya yanke hukunci a kan guraben da ake zargi, ko su gyaru ko ya musanya su. In ya gama ka sake duba lamba 5 da 197. In sun hau, ka cire shi daga aiki.

Dattijo mai fassara:
Ka ji, har Injiniya ya fara faɗin ta. Saura "partition", don na ga kuna ta cewa ɓangare, ni kuwa ɗaki nake ji a raina.