Kawu ya ce in zama ejan, ni kuwa ɗan takarar bai kwanta mini ba

Ɗan Rafindadi: Salamu alaikum. Kawuna jigo ne na jam'iyya a mazaɓarmu, shi ya ɗauki nauyin karatuna har na gama digiri. Yanzu ya ce in shiga tafiyar ɗan majalisarsu, in tsaya ejan a akwatinmu a 2027. Na saurari mutumin a rediyo, ban ji komai a bakinsa kan ruwan sha ko aikin yi ba. Abokin karawarsa ya fi shi tsari nesa ba kusa ba. In bi Kawu ko in bi cancanta?

Maman Hanif: Karɓi abinka, ƙanena. A 2023 dubu goma aka ba ejan a unguwarmu, har da abincin rana.

Bala Mai Shayi: Dubu goma a ina, Hajiya? Lokacin canjin kuɗi, da mutum ke kwana a layin banki? Dubu uku aka ce za a turo mana ta waya. Mata dai sun samu taliya da sabulu.

Malam Na Batsari: Yaro, ni ban taɓa karɓar kwabon kowa ba. A 2015 da asuba na kama layi, na yi sak daga sama har ƙasa, ban ma san sunan ɗan majalisar da na dangwala wa ba. Ƙauna ce kawai, da cewa namu ne. A 2019 na maimaita. Daga baya 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu da dare, suka kora shanuna, suka tafi da matar ƙanena da goyo a bayanta. Gonar gado muka sayar muka karɓo ta. Wanda na zaɓa ko jaje bai aiko ba. Yau ina haya a ɗaki ɗaya a Katsina da 'ya'ya bakwai, ina tura baro a kasuwa. Ba manufa na zaɓa ba, ban ma tambaya ba, kuma abin na ci mini rai kullum.

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Baba.

Injiniya Abu: Amin. Amma kada a raina talaka. A Fabrairun 2023 Atiku ya ci Katsina, jihar Buhari, da ƙaramar tazara. Bayan sati uku mutanen nan dai suka ba Dikko Radda na APC gwamna. Wannan lissafi ne.

Bala Mai Shayi: Haushin rashin kuɗi da layin mai ne, Injiniya. Kuma kai da ke Abuja, yaushe rabonka da tsayawa a rumfar zaɓe 'yan daban Ƙauraye na zagaye?

Injiniya Abu: Katina na Ƙofar Ƙaura ne, duk zaɓe sai na zo.

Sadiya K.: Ni wanda maigidana ya ce shi na zaɓa. Ku daina yi kamar kowa na da 'yancin da kuke da shi.

Autan Daura: A fara tantancewa tukuna: taliyar leda ce ko katan? 😂

Ɗan Rafindadi: Jama'a, maganar Kawu fa?

Malam Na Batsari: Ku bar taliya, ku yi maganar taki. Bana aka rubuta sunaye a mazaɓa, duk wanda ba a gan shi a kamfen ba aka tsallake shi. Maƙwabcina ko gona ba ya da ita, buhu biyu ya samu, washegari ya kai kasuwa.

Bala Mai Shayi: Nawa ya sayar? A wajenmu ma haka aka yi da shinkafar tallafi.