Lissafina da mita sun ƙi daidaita, ina matsalar take?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibi ne ni a ajin farko, sashen injiniyan lantarki, a nan Kano. An koya mana dokar Ohm, wadda ta ce in ka raba bolt da ohm za ka samu karan, wato yawan wutar da ke gudana, sai na ce bari in gwada a gida. Na sayo mita da batir mai bolt 9 da resista biyu, masu rage gudun wuta, a Sabon Gari, ɗaya ohm 1,000, ɗaya 2,200, na haɗa su a jere. A takarda jimilla ohm 3,200 ne, karan ya kama miliamfa 2.8 (miliamfa dubu ne amfa ɗaya), don haka ya kamata in ga bolt 6.2 a kan babbar. Mita kuwa 5.8 take nunawa. Mitar ce jabu ko kaina ne? Sannan kawuna ya ji ana ce min injiniya, ya ce in zo in duba masa soket ɗin shagonsa a Kurna. In je?

Wata 'yar aji huɗu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Lissafinka daidai ne, sai dai ka gina shi a kan abin da aka rubuta a jikin batir. Ka auna batirin kansa yana haɗe da resistocin. Batir mai araha, musamman wanda ya daɗe a shago cikin zafin Kano, da wuya ya ba ka 9 cif. A ce 8.4 ka samu: 8.4 sau 2,200 a raba da 3,200, ka ga 5.8 ɗin ta fito. Sai ka auna ƙaramar resistar, za ka ga wajen 2.6. Haɗa biyun, batirinka ya dawo. Dokar Kirchhoff ke nan da za ku yi nan gaba, wadda ya fitar tun 1845: duk abin da batir ya bayar, kayan da ke kan hanya ne suka raba shi.

Mai gyaran rediyo da talabijin:
Yarinyar nan ta yi gaskiya. Ƙari a kai, duba zobe na huɗu a jikin resistar. In ruwan zinare ne, masu yin ta sun ce za ta iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari. Wato mai zobe ja-ja-ja ɗin nan taka, ta 2,200, tana iya zama ko'ina daga 2,090 zuwa 2,310, kuma ba ta yi laifi ba. Cire ta daga haɗin ka auna ta ita kaɗai. Mu a bakin aiki ba ma yarda da launi sai mita ta shaida.

Wani ɗan aji biyu:
Ni dai shawarata ka tara kuɗi ka sayi mita mai kyau, waɗannan ƙananan ba su da tabbas.

Mai gyaran rediyo da talabijin:
A'a ɗana, a kan batir ƙaramar ma ta ishe shi. Abin da ke kashe mitar yara shi ne a bar jar wayar a ramin auna amfa, a je a ɗora ta kan baki biyu na batir. Nan take fiyus ya tafi. Karan ana auna shi ne a jere, sai ka yanke hanya ka sa mita a tsakani.

Wani injiniya mai aikin sola:
Maganar kawu ita ta tsaya min a rai. Kada ka je. Wutar gida bolt 230 ce, kuma wannan matsakaicin ƙarfinta ne, ƙololuwarta tana kai wajen 325, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. 'Yan miliamfa goma-goma da suka bi ta ƙirji sun isa su rikita bugun zuciya. Kuma an ɗauke wuta ba ya nufin layin ya mutu: maƙwabci na iya tayar da janareto, ko inbata tana aiki, ko a kawo wutar hannunka na ciki. Ka gaya wa kawu cikin ladabi ba a kai ku nan ba tukuna, ya kira mai wayarin, kai ka tsaya a gefe ka kalla.

Mai tambaya:
Na auna, 8.4 ne, Yaya kamar kina wurin. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. In zan sa ƙwan LED ja a kan batirin nan fa?

Wata 'yar aji huɗu:
Kada ka ɗora shi kai tsaye, zai ƙone. Ja yana cin wajen bolt 2, saura 7 a sabon batir. Sa masa ohm 470 a jere, zai ja wajen miliamfa 15. Doguwar ƙafar ƙwan ita ke zuwa ɓangaren fulos (+).