'Yata ta tambaye ni ko ita mummuna ce saboda baƙa ce

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya min a rai tun jiya da daddare har na kasa bacci.

Ni dai tun ina ƙaramar sakandare nake karatun littattafan Hausa, tun lokacin na haya, ka karɓo a shago ka ɓoye cikin littafin makaranta, yanzu kuma a waya nake biya a turo min. Indiya kuwa tun zamanin kaset. To jiya muna kallon wata fassara ni da 'yata mai shekara 8, ina yi mata tsifa tana zaune tsakanin ƙafafuna, sai aka nuno jarumar fara tas ana waƙa, can kuma aka nuno miyagun da suka zo sace ta duk baƙaƙe masu zare ido, kawai yarinyar nan ta juyo ta ce Umma ni mummuna ce ko, tunda irin kalarsu gare ni? Wallahi kibiyar tsifar faɗuwa ta yi daga hannuna. Na ce wa ya gaya miki haka, ta ce ai ko a fim ɗin Hausa amarya fara ce kullum.

Da na kwanta sai na fara tuno littattafan da na karanta, kuma kusan duk siffa ɗaya ce: fara sol, dogon hanci, gashi har gadon baya, kamar Balarabiya ko ruwa biyu. Baƙa in ta fito to 'yar aiki ce daga ƙauye, ko kishiya mai bin bokaye, ko a ce baƙa ce AMMA kyakkyawa. Wannan amma ɗin shekara ashirin ina haɗiye ta, ni da nake baƙa ƙirin kamar mahaifina, ban taɓa tsayawa na ji zafinta ba sai jiya. Tambayata, ku ya kuke yi da abin da kuke so tun yarinta amma kuka gano yana ƙasƙantar da ku? Dainawa ake yi gaba ɗaya ko yaya?

Ɗan Fagge:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana ita. Amma gaskiya ni ina ga kar a ɗora wa fim laifin da ba nasa ba, kasuwa ce, abin da mutane ke so shi ake sayar musu, furodusa kuɗinsa ya zuba ba zai ɗauko wadda ba za a kalla ba. Kuma son farar mace ai ba wariyar launin fata ba ne, ra'ayi ne, kowa da abin da idonsa ke so. Wariya ita ce wadda aka yi a Afirka ta Kudu da Amurka, a hana ka shiga mota ko makaranta. Mu nan duk baƙaƙe ne, wa yake ware wa?

Malamar Adabi:
Ɗan Fagge ra'ayin ai ba daga sama yake faɗowa ba, koya wa ido ake yi. Yarinya 'yar shekara 8 ba ta san furodusa ba, abin da ta gani ta lissafa kuma lissafinta daidai ne.

Uwar Biyu, 'yar uwa na ji miki sosai. Ni nawa ya same ni ne a jami'a da aka ba mu Mister Johnson, na Joyce Cary, wanda ya fito 1939. Mutumin ya yi aikin mulkin mallaka a ƙasar Borgu, kuma labarin a arewacin Najeriya ya ajiye shi, to da murnata na buɗe ina cewa yau zan ga ƙasarmu a littafin Bature. Sai na tarar da akawu baƙar fata kamar yaro ƙarami, kullum waƙa da rawa da cin bashi da son Baturensa kamar me, har a ƙarshe da aka yanke masa hukuncin kisa shi da kansa ya roƙi Baturen ya harbe shi da hannunsa maimakon rataya. Mutanen gari kuma kamar ba su da tunani, taro ne kawai a bayan fage. Kwana biyu na ajiye shi ban iya ci gaba ba, ba don Turancin ya yi wuya ba, don na ji kamar kakana ake yi wa dariya a gabana. Daga baya na san Chinua Achebe ma ya karanta shi yana ɗalibi a Ibadan kuma ya ɓata masa rai, yana cikin abin da ya tunzura shi ya rubuta nasa littafin, Things Fall Apart, da ya fito a 1958. Wannan ya sanyaya min zuciya ƙwarai.

Shi ya sa ni ban daina karantawa ba, kuma ina koyar da irin waɗannan, amma da baki a buɗe. Mu tsaya a shafi mu ce wa ke magana a nan, wa aka hana magana. Ki yi haka da 'yarki, in an nuno miyagun ki tambaye ta me ya sa take ganin aka zaɓo baƙaƙe, ki bar ta ta yi tunani. Ki kuma gaya mata su kansu Indiyawan da yawansu baƙaƙe ne musamman a kudu, kuma suna wannan faɗan a gidansu, har man hasken fatar nan Fair & Lovely da aka yi shekaru ana tallarsa sai da aka sauya masa suna zuwa Glow & Lovely a 2020 saboda surutun jama'a.

Bahaushiyar Omdurman:
Ɗan uwa da ka ce wa yake ware wa, ka zo nan ka ji. Mu Hausawan Sudan kakanninmu hanyar Makka ta kawo su, an haife mu a nan, amma kalmar abid, wato bayi, ba baƙuwa ba ce a kunnen duk mai duhun fata a ƙasashen Larabawa. A azumin 2018 wani shirin barkwanci na Kuwait 'yan wasa suka shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon 'yan Sudan a matsayin malalata, a Masar ma an sha yin irinsa, kuma bayan shan ruwa ake sakawa iyali na zaune. Ni abin da ya fi ci min rai a watan ibada ne, alhali Annabi (SAW) ya faɗa fari ba shi da fifiko kan baƙi sai da tsoron Allah, kuma da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa ce masa ya yi akwai sauran jahiliyya a tare da kai. Ni kam waɗannan na daina kallo kwata-kwata, ba zan zauna a falona ana zagina ina dariya ba.

'Yar Damagaram:
Ni wani ɓangaren zan taɓo, don ko farar ma ba ta tsira ba. Ku duba yadda ake rubuta mace. Ta kirki ita ce wadda miji zai mare ta, ya wulaƙanta ta babi talatin, wani lokacin ma da fyaɗe aka fara, tana kuka tana haƙuri, a ƙarshe ya ce ya gane kurensa shikenan an yafe an tafi Dubai. Wadda ta yi karatu ta buɗe baki kuwa ita ce fitsararriya, sai ta ƙare a wulaƙance. Kuma yawanci mu mata ne ke rubutawa mu ne ke saye, wannan ne ke ba ni takaici. Ƙanwata aurenta ya mutu bayan shekara uku na duka, da na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa da wuri ba ce min ta yi ta zaci haka farkon aure yake daga baya zai so ta. A ina ta koyo? Ba a gidanmu ba dai.

A wajen fim ma haka. 2016 MOPPAN, ƙungiyar masu harkar fim, ta kori Rahama Sadau kan bidiyon waƙa da ta fito da mawaƙi ClassiQ, ita aka yi ta tsine wa wata da watanni.

Ɗan Fagge:
Shi ClassiQ ai ba ɗan ƙungiyar ba ne, ba su da ikon korarsa. Amma maganar ƙanwarki ta taɓa ni wallahi, ina da ƙanne mata uku. Allah ya musanya mata da mafi alheri. 'Yar uwa ta Sudan ke ma ki yi haƙuri, ban san abin ya kai haka ba.

'Yar Damagaram:
Amin na gode. Na yarda ba ɗan ƙungiya ba ne, amma zagin da jama'a suka yi ai ba ƙungiya ce ta raba shi ba, kuma kusan duk kanta ya sauka. Ban ce babu marubuta na ƙwarai ba fa, Balaraba Ramat Yakubu tun wajajen 1990 take rubuta halin da matar da aka saka da 'ya'ya ke shiga ba tare da ta shafa masa zuma ba.

Uwar Biyu:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Malama na gwada abin da kika ce ɗazu da yamma, na tambaye ta cikin mutanen da ta sani wa ya fi kowa kirki, ta ce Kaka, na ce to wace kala ce Kaka, sai ta yi shiru tana murmushi. Ban san ko ya shiga ba amma za mu ci gaba. Akwai kuma wani mai a kan madubina da na saya wata uku da suka wuce, mai sayarwa ta ce ba bilicin ba ne hasken fata ne kawai, kuma yarinyar nan kullum tana kallona ina shafawa. Na zuba shi a shara yau. Marubuciyar da nake biya kuma zan tura mata saƙo cikin mutunci na gaya mata abin da 'yata ta ce. Dan Allah wanda ya san littafin Hausa ko fim da jarumar baƙa ce ba tare da amma ba ya rubuto min sunansa, ina so mu fara da shi ranar Asabar.