Keken nan mai siririyar taya, me za mu kira shi da Hausa?

Sani, Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Matsala biyu gare ni, ɗaya ta aljihu ɗaya ta baki, kuma ta bakin ce ta kawo ni. Wata bakwai ina tari, yanzu na haɗa sefa dubu 140. So nake in sayi keken nan mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, wanda masu Faransanci ke ce wa vélo de route ko vélo de course. Jiya na gaya wa Baba zan sayi keke, ya ce ga tsohon Phoenix ɗinsa nan jingine a zaure, in sa masa taya in hau. Na yi ta lalube in sami kalmar da zan nuna masa ba iri ɗaya ba ne, na rasa. Da na ce "na tsere ne", sai ya dube ni ya ce, "Wa ya koro ka?" To don Allah me ake kiran wannan keke da Hausa? In babu suna, mu raɗa masa. Wanda kuma ya san kan abin ya ba ni shawarar abin da zan duba kafin in zuba kuɗina.

Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Keken tsere mana. Tun muna yara haka muke ji. Me ya yi zafi?

Sani, Garwa: Yaya Ɗanlami, ni ba tsere zan shiga ba. Daga Garwa zuwa Pitowa da safe kafin rana ta yi zafi, in dawo, shi ke nan burina. In Allah ya ba ni ƙarfin ƙafa wata rana in kai Figil. In na ce keken tsere, a gida za a ce wasa na saya, a kasuwa kuma mai kaya ya ɗauka ni ɗan gasa ne ya tsuga mini kuɗi.

Hajara, Ngaundare: Me zai hana a fassara kai tsaye, keken hanya ko keken titi?

Malam Buba, Marwa: 'Yata Hajara, wane keke ne ba na hanya ba? Har keken mai tallar kankara a hanya yake tafiya. Sunan da ya kama kowa bai ware kowa ba. Bafaranshe in ya ce route a nan, shimfiɗaɗɗiyar hanya yake nufi, don ya bambanta shi da VTT mai ƙatuwar taya da ke shiga duwatsu da laka. Hausa kuwa "hanya" tana ɗaukar har 'yar siririyar da ke kaiwa gona.

Ku bar ni in ɗan koma baya. Kalmar keke ba ta tsaya kan abin hawa ba, muna da keken ɗinki, keken rubutu, keken guragu. Shi ya sa tsofaffi ke cewa keken hawa in suna son su fayyace. Akwai kuma basukur, wadda aka aro daga Ingilishi, yanzu ta kusa bacewa a bakin Hausawa amma tana nan da rai a bakin 'yan'uwanmu Fulani, a Marwa baskur za ka ji. Duk waɗannan sunayen, aikin abin suke faɗa. In a kan wannan ƙa'ida za a tafi, Ɗanlami bai yi kuskure ba, keken tsere Hausa ce tsab. Damuwar ita ce aikin da sunan ya faɗa ba shi ne aikin da yawancin masu sayensa za su yi da shi ba.

Abakar, Njamena: Mu a nan biskilet ake cewa da Larabcin gari, matasa kuma welo. Wannan irin kuwa "kurs" kawai yara ke ce masa. Ni da za a bar shi a kurs ɗin ma ban ga laifi ba, ai kwamfuta da rediyo ba Bahaushe ya haife su ba.

Malam Buba, Marwa: Aro ba laifi ba ne, Abakar. Amma ka faɗi kurs a Mubi ko Yola, tsallaken iyaka kaɗan, babu wanda zai gane. Mu Hausar tamu tana tsakanin Faransanci da Ingilishi, in muka ari ta wannan gefe mun bar rabin 'yan'uwa a waje.

Iliya mai gyaran keke: Salamu alaikum. Ni ba malami ba ne, shekarata 19 ina gyaran keke, bari in faɗi yadda muke yi a rumfa. In yaro ya zo ya ce an kawo keke, in tambaye shi wane iri, cewa yake "mai ƙahon rago". Ban koya masa ba, idonsa ne ya gaya masa. Kan keken ya yi gaba, ya lanƙwaso ƙasa, ya dawo baya, sak ƙahon ragon layya. Ko jahili ka gaya wa haka a kasuwa zai nuna maka shi da yatsa.

Amma Sani, tunda kai za ka zuba kuɗi, saurara. Sunan da zai yi maka amfani shi ne wanda zai tuna maka inda keken nan ke iya tafiya. Faɗin tayarsa milimita 23 ne, ko 25, ko 28. Ka auna da babban yatsanka, kusan haka ne. Iskar da ake dura mata kuma ta ninka ta keken gida, tana kai bar 6 ko 7 a ma'aunin ƙarfin iska, sai ta yi tauri kamar itace. A kan kwalta gudu take kamar ba ka taka ba. Ka sauka daga kwalta ka shiga yashin unguwa, nan take ta nutse, ka sauko ka tura. Ga tsidau, wanda ke huda ta kamar allura. Na ga mutane da yawa sun saya don sha'awa, bayan wata biyu sun rataye shi a ɗaki saboda daga ƙofar gidansu zuwa titi yashi ne zalla. Da tun farko an ce musu wannan keken kwalta ne, da sun yi tunani.

Hajara, Ngaundare: Keken kwalta! Kawu Iliya, ka faɗi sunan ba ka sani ba.

Ɗanlami: To ai mu nan guduron muke cewa, ba kwalta ba. Kuma kwaltar ma aro ce.

Malam Buba, Marwa: Aro ce, amma ta daɗe ta zauna har ta yi 'ya'ya, kuma mai cewa guduron in ya ji kwalta ya gane, saboda rediyo da zirga-zirgar kasuwa. Akasin haka ba ya yiwuwa.

Abin da ya sa sunan nan ya kwanta mini, Hausa tana da wata ƙa'idar bayan ta aiki, wato kiran abin hawa da wurin da yake bi. Jirgin ruwa, jirgin ƙasa, jirgin sama. Ba wanda ya ce jirgin gudu ko jirgin fiffike. Keken kwalta ya hau wannan layi daidai, kuma ya buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa: VTT sai ya zama keken daji, ko keken burji. Shi kuma ƙahon rago a bar shi ga kan keken, don akwai kekunan da ke da siririyar taya amma kansu miƙaƙƙe ne, akwai kuma masu ƙahon da tayarsu ta fi kauri, an yi su don tsakuwa. Ƙaho siffa ce, ba ita ce asalin abin ba.

Ɗanlami: Malam, da girmanka, ban yarda a binne keken tsere ba. Wanda Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya hau ya ci zango uku a gasar keke ta Tour de France ta 2024 ya tafi da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki, keken kwalta za ka ce masa? Ko na waɗanda suka yi gasar duniya a Kigali a 2025? A nan gida ma muna da Tour du Cameroun da Grand Prix Chantal Biya, mai ba da labarinsu a rediyo tsere zai ce.

Malam Buba, Marwa: Ba a binne shi ba. Kowane keken tsere irin nasu keken kwalta ne, amma ba kowane keken kwalta ne na tsere ba, kamar yadda ba kowane doki ne na sukuwa ba. Nasu na kabon ne, wani abu mai ƙwari da bai kai ƙarfe nauyi ba, har hukumar kekuna ta duniya ta kafa doka kada nauyinsa ya gaza kilo 6.8, don kada a yi ta rage shi har ya zama haɗari. Kuɗin guda ɗaya ya sayi mota. Na Sani zai yi kilo 10 ko 11, kuma ya ishe shi.

Sani, Garwa: Na karɓi keken kwalta hannu biyu. Kawu Iliya, saura ta aljihun. Da dubu 140 ɗin nan me zan nema?

Iliya mai gyaran keke: Na hannu za ka nema, irin waɗanda ake saukewa daga Turai ta Duwala. Sabo mai wannan kuɗin yawanci ƙyalli ne kawai, fenti mai kyau a kan ƙarfen banza. Kuma kada ka kashe kuɗin duka a kan keken, ka ware kamar dubu 25 a gefe, zan gaya maka dalili.

Abu na farko girma. Ƙashin keken, wanda wasu ke ce wa kadar wasu firam, yana da lamba kamar takalmi: 52, 54, 56, haka. Mutum matsakaici, mai tsawon mita 1.70 zuwa 1.75, yawanci 54 ke yi masa. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, sandar sama kada ta taɓa ka. Ka hau, in ka kama ƙahon kana miƙewa kamar mai ɗebo ruwa a rijiya, ya yi maka yawa. Sirdi ana ɗaga shi ana sauke shi, amma ƙashi in ya yi maka girma babu makanikin da zai rage shi. Mai kaya zai ce za ka saba. Ba za ka saba ba, bayanka ne zai gaya maka.

Na biyu, da me aka yi shi. Ƙarfe yana da nauyi amma in ya tsage mai walda na bakin titi zai ɗinke maka. Alminiyam ya fi sauƙi, ba ya tsatsa, shi na fi so maka, sai dai ka duba duk inda aka haɗa sanda da sanda, in ka ga ɗan tsagu ko da kamar gashi ne ka ajiye. Kabon na hannu kuwa, ko an yi maka araha ka gudu. Yana iya tsagewa ta ciki ido bai gani ba, kuma ban san mai gyara shi a nan ba.

Na uku kayan canjin gudu. Ka karanta abin da aka rubuta a jikinsu. Na kamfanin Shimano hawa-hawa ne: Claris mai haƙora jeri 8 a baya, Sora 9, Tiagra 10, sai 105 zuwa sama. Kowa so yake ya ce nasa 105 ne. Ni kuwa na ce ka nemi mai 8 ko 9. Sarƙarsa ta fi kauri, ta fi jure ƙurar hunturu, kuma in ta tsinke za ka samu a kasuwa, don irinta ce a kan VTT da yawa. Mai 11 in sarƙa ta mutu sai ka yi aike Yawunde ka zauna jira.

Hajara, Ngaundare: "Kayan canjin gudu" ya yi tsawo. Ba giya ake cewa ba?

Abakar, Njamena: Ka je gaban Baban Sani ka ce ka sayi keke mai giya 16 ka gani.

Iliya mai gyaran keke: Wallahi shi ya sa na kauce. A baki muryar ta bambanta, a rubuce kuwa sai Allah. Mu a rumfa bites muke cewa. Ɗan ƙarfen nan na baya da ke ɗauke sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan kuma dirayar, amma in Malam yana da ta Hausa ina so.

Malam Buba, Marwa: Makarkatar sarƙa ta zo mini, ko majuyin sarƙa. Ban gamsu da ko ɗaya ba tukuna, a bar ni in kwana a kai.

Iliya mai gyaran keke: To dubu 25 ɗin. Taya da tub na wannan keke lambarsu 700, ba 26 ta VTT ba, ba kuma ta Phoenix ba, kuma ba kowace rumfa ke ajiye su ba. Ka sayi tub biyu ka ajiye tun ranar farko. Bakin tub ɗinsa siriri ne mai ɗan noti a kai, Presta ake ce masa, injin mai faci na bakin titi ba ya kama shi sai da ɗan ƙarfen haɗi, don haka ka sayi wannan ka sa a aljihu, ko ka sayi famfonka. In ƙashin zai ɗauki taya 28, sa 28, ramukan hanyarmu ba na 23 ba ne. Sai hular kwano. Hanyar Garwa zuwa Marwa manyan motocin da ke zuwa Kusiri da Njamena ne ke binta, ba sa matsa wa kowa.

Kafin ka biya, ɗaga keken ka juya kowane wili kana kallon tsakaninsa da robar birki. In yana rawa hagu da dama kaɗan ne, sifok ne, zan ɗaure maka. In ya yi tsalle sama da ƙasa, rim ɗin ya bugu, a rage maka kuɗi ko ka bar shi.

Sani, Garwa: Allah ya saka da alheri, Kawu. Na gwada a gida da daren nan. Na ce Baba, keken kwalta zan saya, mai ƙahon rago. Ya yi shiru, can ya ce, "Irin na Turawan nan masu sunkuyo?" Na ce shi. Ya ce to daga ƙofar gida zuwa kwaltar fa, wa zai ɗauke shi? Na ce kafaɗata, kilo 10 ne. Ya ce in na tashi zuwa kasuwar ranar Asabar in biya ta rumfarka mu tafi tare, kada a sayar mini da fenti.

Iliya mai gyaran keke: Ka zo bayan azahar. Ka taho da tef ɗin awo na telan gidanku, nawa yara sun ɓatar.