Agege ko Mowe: ta ina ya dace mu fara kafin mu sayi gidanmu na farko?

Ɗan haya a Agege:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga wannan lamari. Shekararmu 6 da aure, muna haya a Agege da 'ya'ya biyu, ni ina aiki a Ikeja, uwargida kuma tana sayar da atamfa da turaren wuta. Mun daɗe muna tari, ita ta hanyar adashi, ni daga albashi, har abin ya kai mu fara tunanin mallakar muhalli, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin nata ne.

Sai dai ra'ayinmu ya rabu. Ita tana son ƙaramin gida ginanne a nan kusa, inda Islamiyyar yara da masu sayen kayanta suke, ko da ɗaki biyu ne da falo. Ni kuma hankalina ya fi kwanciya da cikakken fili a Mowe ko Sango Ota, mu gina a hankali har da ɗakin baƙi, domin 'yan'uwa daga Katsina ba sa yanke mana. Mahaifina kuwa cewa yake yi a fara gini a gida tukuna, wai Legas wurin nema ce. Wanne ya kamata mu sa gaba?

Mai aikin takardun filaye, Ikeja:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ku ja daga a kan unguwa, ku fara amincewa da juna cewa duk gida ko filin da takardunsa ba su inganta ba ya fita daga lissafi, komai arharsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, saboda haka abin da mutum yake saya haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99, wanda takardar da kowa ya sani da C of O take tabbatarwa. Idan daga hannun mai irin wannan takarda za ku saya, rasit da shaidu ba su wadatar ba. Sai an rubuta takardar miƙa mallaka, sannan a nemi amincewar gwamna a kanta.

Ku sa lauya ya bincika rajistar filaye a Alausa, sakatariyar gwamnatin Jihar Legas, safiyo kuma ya kai taswirar wurin ofishin Babban Safiyo, a duba ko filin yana cikin waɗanda gwamnati ta keɓe wa kanta. Ka kuma lura cewa Mowe da Sango Ota a Jihar Ogun suke, don haka takardunsu a Abeokuta ake bin su.

Idan filin gādon wani gidan Yarbawa ne, dole shugaban gidan da manyan 'ya'yan gidan su sa hannu tare, in ba haka ba wani zai fito daga baya ya ce ba da shi aka yi ba. Akwai kuma 'yan omo onile, masu tare mutum su karɓi kuɗi lokacin haƙa harsashi, su sake dawowa lokacin rufi. Jihar Legas ta yi dokar hana ƙwacen filaye a 2016, amma mai gini a bayan gari ya fi kowa sanin cewa abin bai mutu ba. Kuɗin lauya da na dillali da na safiyo da na izinin gini duk daga cikin tarin nan naku za su fito, ku cire su kafin ku ce ga abin da kuke da shi.

Maman yara, Ikorodu:

Malam, ni maganar uwargida zan ɗauka, amma bari in fara da kuskuren da muka yi. Da rani muka je ganin filinmu, ƙasa a bushe ƙarau, dillali yana ta yabon iskar wurin, damina ta farko kuwa sai da muka kwashe yara zuwa gidan yayata. Duk wurin da ya kwanta muku, ku koma ku gan shi a watan Yuni ko Yuli bayan an tafka ruwa, ku dubi sawun ruwa a katangun maƙwabta. Unguwannin da ke bakin Kogin Ogun, irin su Isheri da wajejen Mile 12, sukan sha ambaliya har a ƙarshen damina idan aka saki ruwan madatsar Oyan. Haka nan ka gwada tasowa daga Mowe da asuba ranar Litinin, ka ga ƙarfe nawa za ka wuce Berger, mashigar Legas ta wannan hanya, kafin ka yanke hukunci a kan tafiyar da za ka riƙa yi kullum.

Abin da ya fi damuna shi ne kason uwargidanka. Ka ce kashi ɗaya cikin uku nata ne, to ina aka rubuta? Ba fata ake yi ba, amma rai a hannun Allah yake, kuma idan gidan da sunanka kaɗai aka saye shi, ranar da ta Allah ta kasance gaba ɗayansa zai shiga gādo, ita kuma tumuni ne rabonta tunda akwai 'ya'ya, kuɗin adashinta na shekaru ya narke a cikin rabon iyaye da 'ya'ya. Ko dai a ɗauki kuɗinta a matsayin bashi, a rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar, ko kuma a ɗauke ta abokiyar tarayya, cikakken sunanta ya shiga takardar tare da bayanin kasonta. Kada ku yarda a rubuta "Mista da Misis Wane" kawai, domin idan Allah ya hore maka ƙarin aure, wace Misis ɗin ake nufi?

Sannan sana'arta ma kuɗin gida ce. Mai sayar da atamfa da ta bar matan da suka san ta, ta koma inda ba ta san kowa ba, daga farko za ta sake somawa, kuma da wannan ribar ake sa ran ƙarasa ginin.

Dattijo daga Idi-Araba:

Ɗana, maganar mahaifinka ba abar yarwa ba ce, da yawanmu a kanta muka tafi. Sai dai na ga mutanen da suka gina gida a Arewa, ƙanne suna ciki, su kuma suka tsufa suna biyan haya a nan. Ka tambayi kanka inda yaranku za su yi karatu nan da shekara 15. Idan a Legas ne, ka je da kanka ka yi wa mahaifinka bayani cikin ladabi, ka nemi albarkarsa, ko da za ka yi masa alkawarin ɗan fili a gida daga baya.

Game da baƙi kuwa, kwana nawa suke yi a shekara? Ba a nesanta iyali da makaranta da masallaci da asibiti saboda ɗakin da yawancin lokaci a kulle yake. Tunda jirgin ƙasa na Jan Layi ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, yana tsayawa a Iju da Agege da Ikeja, ku leƙa wajejen Iju da Agbado, wataƙila ku sami abin da ya fi na Agege faɗi ba tare da kun yi nisan Mowe ba.

Idan kuɗin bai kai ba, asusun gidaje na ƙasa da ake cire wa ma'aikata kashi 2.5 cikin ɗari na albashi yana ba da rance, amma da ruwa na kashi 6 cikin ɗari. Wanda yake gudun riba sai ya tuntuɓi bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus, ya ji sharuɗɗan ijara (haya) da murabaha (banki ya saya, ya sayar maka da ƙarin da aka amince a kai), ya kai wa malamin da ya yarda da shi ya duba.

Ɗan haya a Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa uwargida amsoshinku jiya da dare, da aka zo kan maganar Hajiya ta Ikorodu sai ta yi shiru, daga baya ta ce abin ya daɗe a ranta, nauyin faɗa take ji. Mun tsai da cewa za ta shiga a matsayin abokiyar tarayya, kuma ranar Asabar za mu hau jirgin zuwa Agbado mu zagaya. Tambayata ga Malam na Ikeja ita ce, tunda wani ɓangare na wajejen can ya faɗa Jihar Ogun, yaya mutum zai tabbatar da jihar da fili yake ciki kafin ya ɗauki lauya?